Ƴaƴan lin da sankarar mama: abin da bincike ya gano da inda ya tsaya

A duk watan Oktoba, lokacin da ake gangamin wayar da kai kan sankarar mama, saƙonni kan yawaita a WhatsApp, Facebook da TikTok game da abincin da ake cewa yana kashe wannan cuta. Cikin waɗanda aka fi ambata har da wasu ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi, launin ƙasa-ƙasa ko ruwan zinariya, da suka ɗan ɗara riɗi girma. Da Faransanci ana ce musu graines de lin, da Larabci bizrul kattan, a kantunan Ghana da Najeriya kuma akan same su da sunan flaxseed ko linseed.

Ba daga iska maganar ta faɗo ba. Masana kimiyya sun shafe sama da shekara talatin suna gwada ƴaƴan lin a kan ƙwayoyin sankarar mama, kuma sun ga abubuwan da suka ja hankalinsu. Sai dai tsakanin abin da suka gani da abin da ake yaɗawa akwai tazara mai faɗi, kuma matar da ta ji ƙullutu a mamanta tana iya rasa ranta a cikin wannan tazara.

Mene ne lin?

Lin tsiro ne mai siririn kara da shuɗiyar fure, wanda masana ke kira Linum usitatissimum. Yana cikin tsofaffin shuke-shuken da ɗan Adam ya noma. Da zarensa Misirawan dauri suke saƙa tufafi, da shi kuma suke naɗe gawarwakin sarakunansu. A yau Faransa ce kan gaba wajen noman lin na zare, musamman a yankin Normandi. Na ci da na mai kuwa, Rasha, Kazakistan, Kanada da Sin ne manyan masu nomansa. A Afirka an fi saninsa a Habasha, inda ake kiransa telba, ana soya shi a niƙa a dama a sha.

Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayar mai ne, kuma fiye da rabin man nan nau'in omega-3 ne na tsirrai. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu dusa ce mai taimaka wa hanji, kusan kashi ɗaya cikin biyar kuma furotin. Amma abin da ya fi jan hankalin masu binciken sankara shi ne wani rukunin sinadarai da ake kira lignan. Lin na cikin abincin da ya fi kowanne yawansu, kuma babba a cikinsu shi ne wanda ake taƙaita sunansa da SDG.

Me ya haɗa lignan da mama?

Idan mutum ya ci ƴaƴan lin, SDG ba ya shiga jini a yadda yake. Sai ya isa babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a can suke sarrafa shi su mai da shi wasu sinadarai biyu, enterodiyol da enterolakton. A 1980 ne masana suka fara bayyana samun waɗannan sinadarai a jikin mutum. Surarsu ta yi kama da ta istirojin, sinadarin da jikin mace ke samarwa, wanda ke tafiyar da al'ada da girman mama.

Nan ne alaƙar take. Mafi yawan sankarar mama, kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 a Turai da Amurka, da istirojin take samun ƙarfin girma. A cikin ƙwayoyin cutar akwai wata mahaɗa mai kama da kwaɗon ƙofa, istirojin kuma shi ne makullinta. Da ya shiga, ƙwayar za ta samu umarnin rabuwa gida biyu, biyun su zama huɗu. Enterolakton kamar makulli ne da ke shiga kwaɗon amma bai cika buɗe shi ba. Tunanin masana shi ne, idan ya tare wurin, makullin gaskiya zai rasa hanyar shiga. Maganin tamoxifen, wanda likitoci suka daɗe suna bai wa masu wannan cuta, ta irin wannan hanya yake aiki, sai dai ƙarfinsa ya ninka na lignan nesa ba kusa ba.

Wannan kamanni ya haifar da fata da fargaba a lokaci guda. Idan lignan zai iya tare istirojin, me zai hana a wani yanayi ya yi aikin istirojin ɗin, ya ƙara wa cutar ƙarfi? Wannan tambaya ce ta kai masana ɗakin gwaji.

Abin da aka gani a faranti

Matakin farko shi ne gwaji a kan ƙwayoyin sankara da ake reno a cikin ƙananan farantai. Waɗanda aka fi amfani da su ana kiransu MCF-7. An samo su a 1970 daga jikin wata mata ƴar shekara 69 a birnin Detroit na Amurka, kuma har yau zuriyarsu na ci gaba da hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya.

Da aka zuba wa irin waɗannan ƙwayoyi enterolakton, enterodiyol ko man lin, gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa saurin rabuwarsu ya ragu. An ga wasunsu suna mutuwa ta hanyar da jiki ya tanada don kawar da ƙwayar da ta lalace, hanyar da sankara ta saba toshewa. An kuma ga raguwar sinadarin da ƙari ke fitarwa don jawo sababbin jijiyoyin jini su ciyar da shi.

Sai dai sakamakon bai tafi bai ɗaya ba. Tun farkon shekarun 1990 aka lura cewa enterolakton kaɗan yana iya ƙara wa MCF-7 saurin girma idan babu istirojin a farantin, mai yawa kuma ya dakushe su. Ban da haka, yawan sinadarin da ake zubawa a faranti sau da yawa ya zarce abin da jinin mutum zai samu ta hanyar abinci. Faranti ba shi da hanta, ba shi da ƙoda, ba shi da hanji. Abubuwa barjat na kashe ƙwayar sankara a cikinsa, har da gishiri idan ya yi yawa, amma wannan bai mai da su magani ba.

Abin da aka gani a jikin ɓeraye

Mafi yawan gwajin dabbobi an yi shi ne a Jami'ar Toronto ta Kanada, ƙarƙashin Farfesa Lilian Thompson. Akan dasa ƙwayoyin sankarar mutum a jikin ɓerayen da ba su da cikakken garkuwar jiki, sannan a ciyar da wasu daga ciki abincin da kashi 10 cikin 100 nasa garin lin ne. A gwaje-gwaje da dama, ƙarin da ke jikin ɓerayen da suka ci lin ya yi jinkirin girma. A wani gwaji da aka wallafa a 2004, lin bai rage wa tamoxifen ƙarfi ba, ya ma ƙara masa, abin da ya ɗan kwantar da hankalin masu fargaba.

A nan ma akwai darasi. Wasu daga cikin gwaje-gwajen farkon shekarun 2000, waɗanda suka nuna lin na rage bazuwar cutar zuwa huhu, an yi su ne da ƙwayoyin da ake kira MDA-MB-435. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi ba na sankarar mama ba ne, na wata sankarar fata ne da suka gauraya tun da daɗewa a ɗakin gwaji. Ba laifin masu binciken lin ba ne, domin ɗakunan bincike da yawa sun yi amfani da su a bisa wannan kuskure. Amma hakan ya rage nauyin waccan hujja.

A ƙarshen 2023 wasu masana na Toronto sun sake wallafa wani bincike a kan ɓeraye, inda suka nuna cewa lignan na sauya alaƙar da ke tsakanin bakteriyar hanji da wasu ƙananan saƙonnin gado da ke aiki a cikin mama. Kafofin yaɗa labarai sun ɗauki labarin da zafi, amma shi ma a jikin ɓera ya tsaya.

Gwajin da aka fi ambata: mata 32 a Toronto

Binciken da kusan kowane saƙo ke jingina da shi ya fito ne a 2005, a mujallar Clinical Cancer Research. Tawagar Farfesa Thompson ta ɗauki mata 32 da al'ada ta ɗauke musu, waɗanda ba a daɗe da gano musu sankarar mama ba, suna jiran tiyata. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Mata 19 suka riƙa cin ɗan kek mai ɗauke da giram 25 na lin kowace rana, 13 kuma suka riƙa cin irinsa marar lin. Matan ba su san wanne suke ci ba, haka ma masu auna sakamakon.

Bayan wata ɗaya da ƴan kwanaki aka yi musu tiyata, aka kwatanta tsokar ƙarin da wadda aka ɗiba tun farko. A wajen masu cin lin, ma'aunin saurin rabuwar ƙwayoyin cutar, wanda ake kira Ki-67, ya ragu da kimanin kashi 34 cikin 100. Mutuwar ƙwayoyin ta ƙaru da kimanin kashi 31. Wani furotin mai hura wutar cutar, HER2, ya ragu da kashi 71. Ba a ga irin wannan sauyi ba a wajen sauran matan.

Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma akwai abubuwa uku da masu yaɗa shi kan tsallake. Na farko, mutum 32 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Na biyu, abin da aka auna alamomi ne a ƙarƙashin madubin likita. Ba a auna warkewa ko tsawon rai ba. Na uku, kuma mafi muhimmanci, duk matan nan an yi musu tiyata. Babu ko ɗaya da aka ce ta koma gida ta ci lin a madadin magani.

Da aka faɗaɗa gwajin

A Jami'ar Kansas ta Amurka, Dokta Carol Fabian da abokan aikinta sun gwada SDG zalla, miligiram 50 a rana har tsawon shekara guda, a kan matan da ba su kamu ba amma suke cikin haɗarin kamuwa. A gwajin farko, na 2010, mata 45 suka kammala, kuma Ki-67 ya ragu a jikin mafi yawansu. Sai dai babu rukunin da aka kwatanta su da shi.

Da aka maimaita gwajin da mata 180, wasu suna shan SDG wasu suna shan ƙwaya marar magani, sakamakon da ya fito a 2020 ya sha bamban. Ki-67 ya ragu a ɓangarorin biyu, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai kai a ce SDG ne ya yi aikin ba. Abin da gwajin ya nuna dai shi ne matan sun jure shan sinadarin ba tare da wata illa ta a zo a gani ba.

Irin haka ta faru da batun zafin jiki da gumi da ke taso wa mata bayan ɗaukewar al'ada ko lokacin shan maganin sankara. Ƙaramin gwaji ya ba da fata, amma da masana na asibitin Mayo suka gwada a kan mata 188, sakamakon 2012 ya nuna lin bai fi abin da ba shi da lin ba.

Binciken da ya bi diddigin jama'a

Akwai kuma binciken da ba a bai wa kowa komai ba, aka dai tambayi mutane abin da suke ci ko aka auna jininsu. A lardin Ontariyo na Kanada, an kwatanta mata 2,999 masu sankarar mama da 3,370 marasa ita. Sakamakon 2013 ya nuna cewa masu cin lin haɗarin kamuwarsu ya yi ƙasa da kimanin kashi 18 cikin 100. A Jamus, cibiyar binciken sankara da ke Heidelberg ta bi mata 1,140 masu cutar, ta kuma ruwaito a 2011 cewa waɗanda enterolakton ya fi yawa a jininsu haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da masu mafi ƙaranci.

Irin wannan bincike yana nuna tafiya tare ne, ba ya tabbatar da dalili. Matar da ke sayen lin a Kanada mai yiwuwa ita ce kuma mai motsa jiki, mai cin ganye, mai zuwa asibiti a kan kari. Haka nan yawan enterolakton a jini ya danganta da lafiyar hanji, kuma shan maganin kashe bakteriya kan rage shi. Ke nan ƙarancinsa na iya zama alamar rashin lafiya, ba sanadinta ba.

Idan aka tattara duka, ga inda maganar take: lin na da tasiri a kan ƙwayoyin sankarar mama a faranti da jikin ɓera, akwai alamu masu kyau a ƙananan gwaje-gwaje na mutane, amma babu gwajin da ya nuna yana warkar da cutar ko yana hana ta dawowa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Me ya sa wannan ya shafi matan yankin nan?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, sun nuna cewa a 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3, kuma 670,000 sun rasu. A ƙasashe masu arziki, sama da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna raye bayan shekara biyar. A Afirka kudu da Sahara labarin daban ne. Wani bincike da ya bi mata a Namibiya, Najeriya, Afirka ta Kudu, Uganda da Zambiya, wanda aka wallafa a 2020, ya gano cewa rabinsu ne kawai suke raye bayan shekara uku. A Najeriya kashi 36 ne cikin 100. Babban dalili shi ne zuwa asibiti a makare, sai kuma rashin samun magani ko yanke shi kafin a kammala.

Ga matar da ke zaune a zangon Kumasi, a Garwa, a Njamena ko a Gadarif, hanyar asibitin sankara na da nisa da tsada, wani lokaci har da wahalar harshe, ga tsoron a ce za a cire mama. A irin wannan hali, saƙon da ke cewa cokali biyu na gari zai wadatar yana da daɗin ji. Amma watannin da aka ɓata ana jiran gari ya yi aiki su ne cutar ke amfani da su ta tsallaka hammata, ƙashi, hanta da huhu. Masana na Jami'ar Yale sun ruwaito a 2018 cewa masu sankarar mama da suka zaɓi magungunan da ba na asibiti ba kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka na masu karɓar maganin asibiti fiye da sau biyar.

Akwai wani abin lura kuma. Bincike a Ghana, Najeriya da Senegal ya nuna cewa nau'in sankarar da ba ta dogara da istirojin ba ya fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma fiye da yadda yake a tsakanin Turawa, kuma cutar kan kama mata da sauran ƙuruciyarsu. Matan gwajin Toronto kuwa duk al'ada ta ɗauke musu, a wata ƙasa mai abinci daban. Ba za a ɗauko sakamakonsu a ɗora wa kowa ba.

Ga mai son ci a matsayin abinci

Lin abinci ne mai amfani. Yana sauƙaƙa bayan gida, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan rage kitsen jini da hawan jini. Masana abinci kan ba da shawarar cokali ɗaya zuwa biyu na garinsa a rana, a koko, kunu, fura ko kindirmo. Ɓawonsa na da tauri, don haka idan ba a niƙa ba yakan fita yadda ya shiga. Garin na saurin lalacewa a zafi, gara a niƙa kaɗan-kaɗan a ajiye a rufe a wuri mai sanyi. Man lin kuma kusan ba shi da lignan, domin a dusar suke zama.

A riƙa shan ruwa sosai, domin garin na kumbura a ciki. Kada a sha shi lokaci ɗaya da magani, saboda yana iya rage abin da hanji zai tsotsa. Ɗanyen lin na ɗauke da dangin sinadarin nan mai guba da ke cikin rogo mai ɗaci, shi ya sa ba a son cin mai yawa a zama ɗaya, musamman ga yara. Dafawa ko gasawa na rage shi. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai shan maganin tsinka jini da duk wadda ke karɓar maganin sankara, su fara tuntuɓar likita.

Wadda ba ta da kuɗin sayen lin na kanti ba ta yi asara ba. Riɗi, wanda ake nomawa da yawa a Sudan, Najeriya, Chadi, Nijar da Burkina Faso, shi ma yana da lignan, kuma wani gwaji na Toronto a 2005 ya nuna jiki na samun enterolakton daga gare shi kamar yadda yake samu daga lin. Wannan bai mai da riɗi maganin sankara ba, kamar yadda bai mai da lin ba.

Abin da aka tabbatar yana ceton rai

Shirin da OMS ta ƙaddamar a 2021 ya tsaya a kan abubuwa uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana matakin farko ko na biyu, a kammala binciken gano ta cikin kwana 60 daga zuwan farko asibiti, kuma kashi 80 cikin 100 su kammala maganinsu. Maganin ya haɗa da tiyata, kimiyoterafi, gashi da na'ura, da ƙwayoyi irin su tamoxifen. A Nijar, cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara aikin gashi a 2021. A Ghana ana yinsa a asibitin Korle Bu na Accra da Komfo Anokye na Kumasi.

Alamomin da bai kamata a yi wasa da su ba sun haɗa da ƙullutu a mama ko hammata ko da ba ya ciwo, shigewar kan mama ciki, fitar jini ko wani ruwa daga gare shi, fata ta koma kamar ɓawon lemu, da gyambon da ya ƙi warkewa. Mafi yawan ƙullutu ba sankara ba ne, amma asibiti ne kaɗai zai iya bambancewa. Maza ma na kamuwa, ko da yake ba kasafai ba.

Wajen rigakafi, shayarwa na da hujja mai ƙarfi: nazarin da ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, wanda ya fito a 2002, ya nuna kowane wata 12 na shayarwa na rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Motsa jiki, guje wa ƙiba da nisantar barasa su ma suna taimakawa.

Garin lin na iya samun wurinsa a kwanon koko. Matar da ta ji ƙullutu kuwa, ta fara da asibiti mafi kusa, kuma mijinta da ƴan uwanta su raka ta tun a makon da ta faɗa musu.